Shaidar Gawayin Kwakwa

Shekarar da annoba ta rufe Kuala Lumpur, na gama digirin dakta ke nan, ina zaune da mijina da yaranmu biyu a wani ɗan gidan sama a Wangsa Maju. An kulle ɗakin gwaje-gwajen jami'a, izinin zamanmu kuma yana gab da ƙarewa. Bincikena a kan gawayin ɓawon kwakwa ne, yadda za a sarrafa shi ya tsotse gubar dalma daga ruwan rijiya.

Maigidana, wanda ya ajiye koyarwa a Kano ya biyo ni, shi ya fara kawo maganar Amurka. Ya ji akwai hanyar da mai bincike zai nemi izinin zama da ƙarfin aikinsa kawai. Muka sami wata lauya, muka yi magana ta bidiyo. Ta ce digiri kaɗai bai isa ba. Ana son shaidar cewa abin da na gano sabo ne, kuma masanan da ba su taɓa sanina ba suna aiki da shi. Sai na rubuta musu da kaina na nemi su shaida.

Nan na cije. A gidanmu ko miyarki aka yaba, sunkuyar da kai kike yi.

Na ce, "Abban yara, roƙon yabo fa ke nan."

Ya ce, "Dakta, tambayarsu za ki yi ko abin ya yi musu aiki. In bai yi ba, ai za su faɗa."

Na kira farfesar da ta duba aikina, wata dattijuwa 'yar Malay, ina fatan ta goyi bayana. Dariya ta yi. "Boleh lah, za ki iya, rubuta. Kowa na kulle a gida, za su karanta."

Na zaƙulo waɗanda suka ambaci aikina a rubuce-rubucensu, ba su da yawa, na aika musu ina jin nauyi. Makonni shiru. Na daina buɗe kwamfuta sai don karatun yara.

Ana nan sai wani farfesa daga Bangladesh ya amsa, ya ce yana son mu yi magana ido da ido ta bidiyo. Ranar na kora yara ɗaki, na yafa mayafina mai kyau. Tsoho ne, takunkumi a haɓa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce akwai kuskure a zafin wutar da na rubuta, ɗalibansa sun ƙona gawayi har sun gaji. Sai ya juya wayarsa ya nuna mini bokitan roba jere a farfajiya, kowanne da famfo a gindi. Ya ce da suka rage wutar, hanyata ta yi, kuma gidaje a ƙauyen matarsa suna shan ruwan.

Ban taɓa ganin aikina a wajen kwalbar gwaji ba.

Ya rubuta shaidar, har da batun wutar bai ɓoye ba. Lauyar ta ce hakan ya fi ƙarfi, don ya nuna da gaske sun gwada. Daga baya wasu biyu suka amsa. Farfesata kuma ta samo mini ɗan aikin da ya tsawaita zamanmu.

Amsar ta daɗe. An sassauta kulle, muna layin tapau, wato sayen abincin da za mu tafi da shi gida, a Kampung Baru da yamma, saƙon lauyar ya shigo: an amince, saura jiran biza. Na miƙa wa maigida wayar. Ya karanta, ya ce alhamdulillahi a hankali, ya cire tabarau yana goge ido. Ƙaramar 'yarmu ta ja mini hijabi, ta tambaya da Turancinta ko can ma akwai roti, gurasar nan da take so. Na ce in babu, za mu koya.