Irin da Iya ta ce a raba

A gidanmu na Tudun Wada, da an idar da magariba sai Iya, kakarmu ta wajen uba, ta ja kujerarta kusa da murhu. Bisa kanta zangarniyar dawa ce a rataye, irin shuka, hayaƙi na kore mata ƙwari. Mu kuwa mu zagaye ta, kowa da dankalinsa a cikin toka.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. "Wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Akwai labarin wani falke da ya gina ƙaton rumbu a kasuwa, ya ce kowa ya kawo irinsa ajiya, kyauta. Wani ya kwashe nasa kakaf ya kai. Da kasuwa ta mutu, falke ya ɗaure jakunansa ya ƙara gaba da makulli. Daidai nan nake tashi tonon dankalina, don a ganina labari ya ƙare.

Bara kamfanin nan da muke sayen kaya ta waya ya buɗe ma'ajiya a intanet, wai a zuba hotuna da murya ya adana. A shagon cajin waya aka yi ta musu. Wani ya ce sauƙi ya zo, wani ya ce yau kyauta, gobe a sa kuɗi. Ni na fi kowa zaƙewa wajen sukar abin, har da ba su labarin falke.

A wayata kuwa akwai muryar Iya, wadda na ɗauka kafin ta rasu, tana yi mana faɗa a kan wanke hannu. Babu ita a ko'ina sai nan. Yayata Hadiza ta sha cewa in tura mata, ina cewa sai na samu data.

Ranar wata Talata ina ban ruwa a Tiga, wayar ta sulluɓe daga aljihuna ta faɗa kwata. Mai gyara ya juya ta, ya girgiza kai.

Da na gaya wa Hadiza, sai ta ce:

"Kai dama ba ka taɓa jin ƙarshensa ba, Sule. Akwai wanda ya ƙi falke, ya rataye nasa duka a madafa, gobara ta cinye. Tsohuwar da ta raba nata uku, na rumbu da na madafa har da na wajen 'yarta a wani ƙauye, ita kaɗai ta yi shuka."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu ma yana yi. Shekara talatin ina yawo da rabin labari ina jin kaina mai wayo.

Yanzu hotunan yarana suna wayata, suna ma'ajiyar kamfanin, suna wajen Hadiza. Labarin kuma na ba 'yata Ummi, ban bar ta ta tashi ba sai da na kai ƙarshe. Ta tambaye ni yadda muryar Iya take. Na buɗe baki zan kwaikwaya, sai na ji tawa ce kawai ke fita.