Wainar Mai Ƙaramin Jirgi

Har mun fara hango rufin gidajen Kaduna, tayoyin jirgi sun fito, sai kawai ya yi wata irin ƙara ya cilla sama. Kowa sai salati, har da mai kwat ɗin da tun daga Legas yake damunmu da Turanci.

Can matuƙin ya yi bayani: wani ƙaramin jirgi ne ya gifta ta gabanmu, sai mun zagayo.

Kun san ni da baki. Ina yawan karanta labarin jirage, na san ƙiris ya rage mu yi karo. Na hau faɗa: wane sakarai aka ba jirgi yake kutse kamar ɗan acaɓa a Kawo?

Inna, da na rako daga asibiti, ta damƙe hannuna.

"Kai, rufe mini baki. Mu nawa ne a nan?"

"Muna da yawa, Inna."

"To mun samu abokan salati. Shi fa? Wataƙila yaro ne mai koyo, ya ɗaga kai ya ga wannan ƙaton a kansa. Wa ya riƙe masa hannu?"

Yau da safe a gidanmu na Badarawa ta soya wainar sadaka, ta raba kwano biyu. Ɗaya namu, ɗaya na yaron ƙaramin jirgin. Ta ce ƙila bai faɗa wa uwarsa ba, balle ta yi masa.

Har yanzu ina so a binciko mai sakacin, wallahi. Amma ku faɗi gaskiya, a wannan tsoron wa zai tuna da yaron a cikinku?