Ƙwaya Biyu a Aljihun Rigar Abokina

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun sittin, lokacin da inda unguwar Safa take a yau babu komai sai yashi da awaki, na taɓa cin abinci da ƙafafuna. Tseren keke nake yi, ko sekal kamar yadda muke kiransa a nan Jidda. Wanda ya ga tumbina yanzu zai ce shaci-faɗi nake, ba kuma zan yi musu da shi ba. Wani attajiri ne mai shigo da kekuna ya ɗebi mu shida yana biyanmu duk wata, mu kuma mu sa riga mai sunan kantinsa mu shiga duk tseren da aka shirya, don samari su gani su zo su saya.

Cikin mu shidan akwai abokina. Lungunmu ɗaya a unguwar Sa'alaba, tare muka yi makarantar allo, a kan keke ɗaya muka koyi tuƙi. Shi kaɗai ne wurin mahaifiyarsa, wadda take soya gyaɗa tana sayarwa a bakin kasuwa tun rasuwar mijinta. Mutum ne marar hayaniya, siriri, in ya hau keke kuwa sai dai ka ga bayansa. Shekara uku ina cin ƙurarsa. Shi na ɗaya, ni na biyu, har mutanen unguwa suka daina tambayar wa ya ci, sai dai su tambaye ni da tazarar nawa aka bar ni. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai.

A shekarun nan ne labari ya zo ta rediyo cewa wani ɗan tseren Turai ya faɗi ya mutu a kan hanya, aka tarar da ƙwayoyi a aljihunsa. Mu ma mun san irinsu, hubub ɗin da direbobin manyan motoci suke sha don kada barci ya ɗauke su. To ni da baki ba ya raguwa, sai na samu abin tsokana. Duk ranar da abokina ya ci tsere muka zauna a gahawa, wato shagon shan shayi, sai in ɗaga murya in ce, "Jama'a, a duba aljihun mutumin nan. Wannan gudun ba na wake da gurasa ba ne, ful da tamis ba sa ba da shi."

Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ka rage cin naka, ka ga ko ba za ka kamo ni ba."

A yi dariya a tashi. Na maimaita ta ya fi a ƙirga, a gaban namu da waɗanda ba namu ba. Ni a ganina wasa nake. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai wani lungu a zuciyata da yake so a ce maganar haka take.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Da sanyin safiya aka saba tashi, amma manyan baƙin da za su ɗaga tuta suka makara, ba a sake mu ba sai da rana ta ɗaga. Wanda ya san zafin Jidda ya san ba ranar ce kaɗai ba, iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, kana shaƙa kamar ka sa fuska a bakin tukunya. Muka miƙa hanyar Madina, muka juyo. A dawowa yana gabana kamar kullum, sai na ga kekensa yana tangaɗi, ya yi dama ya yi hagu. Ya sauka daga kwalta ya shiga yashi, ya faɗi ƙafafunsa na maƙale a feda.

Na jefar da nawa keken na yi kansa. Na cire masa riga, na juye masa duk ruwan gorata a kai da ƙirji, ina kiran sunansa. Idonsa a buɗe, amma ba ni yake kallo ba. Aka ɗora shi a bayan motar da take bin mu da kayan gyara, na hau na ɗora kansa a cinyata. Kafin mu shiga gari na san ya tafi, don nauyinsa ya canja.

Rigarsa tana hannuna a duƙunƙune. Rigar tsere tana da aljihu uku a baya, inda muke sa dabino da ɗan abin faci. Ina matsa ta ban ma san ina yi ba, sai yatsana ya ji wani abu mai tauri. Na zaro: 'yar takardar jarida ce a murɗe, cikinta ƙwaya biyu farare, babu rubutu a jikinsu. A makon nan ya yi ta kukan ciwon haƙori, kuma haka masu kemis suke ƙulla maganin ciwo, biyu-biyu a takarda. Amma haka ma ake ƙulla ɗayar, wato hubub. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Hannuna ne ya kai ta baya ya cusa a aljihun tawa rigar.

A asibiti likita ya duba ya ce zuciya ce ta tsaya saboda zafi. Saura takardar izinin binnewa, wadda sai jami'in 'yan sanda ya sa hannu. Muna tsaye a baranda, 'yan tsere da maigidanmu da dattawan unguwa da suka fara isowa, sai na hangi wani daga wata ƙungiyar tseren yana yi wa jami'in raɗa yana nuno ni.

Jami'in ya yafuto ni. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce da Larabci, "An ce kai ne babban abokinsa. An kuma ce ka sha faɗa a bainar jama'a cewa yana shan hubub. Gaskiya ne?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya ce, "To ka saurara. In akwai wannan zargin, ba zan sa hannu ba. Za a ajiye shi a sanyi, likita ya buɗe shi ya duba cikinsa, kwana uku ko mako, yadda ta kama. In babu, ku ɗauki gawarku ku tafi. Yalla, ina jinka."

Mu da muke gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, a ce za a tsaga shi kamar rago a bar shi mako? Na tuna tsohuwar da take zaune a gida tana jiran a kawo mata ɗanta ta yi masa addu'a. Bincike kuma in ya shiga gida irin namu ba ya tsayawa kan abin da ya kawo shi, sai ya tambayi iƙamar kowa, takardar izinin zama a ƙasar. Duk wannan bakina ne ya jawo, magana kuwa zarar bunu ce.

Ya miƙo hannu ya karɓi rigar abokina. Ya zazzage aljihu na farko, dabino uku suka faɗo. Na biyu, ɗan gwangwanin faci. Na uku, babu komai. Ya ɗago ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ni da nake sanye da riga iri ɗaya da wadda ke hannunsa, mai aljihu uku ita ma. Ina jin takardar nan a gadon bayana kamar garwashi. Da ya ce juya, da tawa ta ƙare, da ta mamacin ma.

Na buɗe baki kafin ya buɗe nasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, hassada ce. Shekara uku yana gabana na kasa kamo shi, shi ya sa nake ɓata masa suna. Ban taɓa ganin ya sha komai ba."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ban taɓa gani ba. Ya ce in maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Na maimaita da Larabci, na kuma faɗa da Hausa saboda dattawanmu. Jami'in ya yi mini wani kallo da har yau ban manta ba, ya ce, "Aib alaik, ka ji kunya. Mutum yana cin abinci da kai kana cin namansa." Ya sa hannu a takardar, ya ce halas, an gama.

Wani tsoho ne cikin Hausawan Sudan yake yi wa mazan unguwarmu wanka in sun rasu. Da aka kawo abokina gida ya ce yana son mutum ɗaya ya riƙa zuba masa ruwa, ya nuna ni. Wasu suka fara gunaguni, ya ce, "A cinyarsa ya cika, shi zai shiga." Ko riga ban samu na canja ba.

Da ya ja labule ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ga ƙa'idar. Abin da ka gani a nan, in alheri ne ka faɗa, in ba shi ba ne ka haɗiye har ka shiga naka ramin. Shi yanzu ba shi da bakin kare kansa, mu ne mayafinsa."

Na ɗauki buta na shiga zuba ruwa. Duk sunkuyawar da zan yi sai na ji takardar ta taɓa ni. Can na kasa daurewa, na kai hannu baya na ce, "Baba, akwai abin da na..."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ban tambaye ka ba. Zuba a dama."

Bayan la'asar muka sallace shi, muka kai shi da jikinsa cikakke kamar yadda uwarsa ta haife shi.

Daga ranar sunana ya canja a Sa'alaba. Ba wanda ya zage ni a fuska, amma in na shiga gahawa sai hira ta mutu. Maigidanmu bai kore ni ba, ni na mayar masa da kekensa bayan wata biyu, don da abokina ya tafi sai na zama na ɗaya, kuma duk tseren da na ci ba mai tafa mini, ni ma ba na jin daɗinsa. Na koma gyaran keke a wata 'yar rumfa, da ita na riƙe iyalina har na tsufa.

Ƙwayoyin kuwa sun kusa shekara a wurina, cikin akwatin kayan aiki. Sau uku ina zuwa ƙofar wani kemis a unguwar Aziziyya, inda ba a san ni ba, da niyyar in nuna a gaya mini ko mene ne. Sau uku ina juyowa. In aka ce maganin haƙori ne, to na yi wa marar laifi ƙazafi shekara uku. In aka ce ɗayar ce, to na ga abokina yana kashe kansa a hankali na mayar da abin barkwanci. Ba wadda zan iya ɗauka a ciki. Wata safiya na taka zuwa bakin teku na watsa su.

Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwata. In na durƙusa a gaban farantin gyaɗarta na ce, "Inna, ina wuni," sai ta juya ta kama gyara murhu. Ban fasa zuwa ba, ita ma ba ta fasa juyawa ba, har shekara huɗu. Sai wata rana da hantsi aka aiko tana nemana. Na same ta a kwance, ciwo ya cinye ta, muryarta da ƙyar take fita.

Ta ce, "Matso, ya waladi, matso ɗana."

Na matsa na durƙusa.

Ta ce, "Na riƙe ka a zuciya, ba kuma na so in tafi da kai a ciki. Ka yi wa ɗana sharri yana raye. Amma ka tsaya gaban hukuma ka wanke shi, ka kunyata kanka a gaban mutane, ba kowa zai iya ba. Ni dama na san ɗana, ko goro ba ya ci. Na yafe maka duniya da lahira."

Na sunkuyar da kai. Abin da na sani ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ce, "Na gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya." Ta dafa kaina da hannunta mai sanyi. Ba ta kai Juma'a ba.

Yau duk wanda wannan labarin zai iya yi wa ciwo ya riga mu gidan gaskiya, sunan kowa kuma ban kama ba, amma ko yanzu da nake rubutawa ina tunanin ko na karya ƙa'idar tsohon nan. Abin da ya sa na rubuta shi ne, ina gani a waya duk sanda wani ɗan tsere ya mutu, tun ba a binne shi ba an fara cewa dama mun sani, a tona, a bincika. Ban ce a rufe gaskiya ba, masu rai suna da haƙƙin a tsare su daga wannan guba. Amma in kana zargin mutum, lokacin tambayarsa shi ne sanda yake da bakin amsawa. Ni na samu shekara uku, kullum muna tafiya gida tare mu biyu a hanya, ban taɓa tsayar da keke na ce, don Allah gaya mini, kana sha? ba. A gahawa kawai na iya faɗa, inda za a yi mini dariya.

Mutanen unguwa sun daɗe da mantawa, waɗanda suka tuna kuma suna cewa ai tsohuwar ta yafe masa. Ta yafe, na kuma karɓa da hannu biyu. Sai dai ta yafe mini ƙarya ne, ni kuwa har yau ban san ko ƙaryar na yi ba.