Gwiwar Da Na Ɓoye Wa Kocina

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mu uku ne a zauren mai ɗorin ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa: ni, mahaifina, da shi mai ɗorin. A lokacin ni ɗan wasan ƙwallon kwando ne, kuma saura kwana tara mu fara gasa.

Bari in bi abin daki-daki. Da fari, malamin wasanni a sakandare ya ga tsayina ya sa ni a fili, kwandonmu ma da gargaren keke aka yi shi. Na biyu, na buga wa kwaleji shekara uku. Na uku, wani kulob a Kano ya ɗauke ni, da sharaɗin ba aikin ƙarfi lokacin hutu. Wannan sharaɗi na karya. Na zo gida ana cirar gyaɗa, na tarar da Baba yana saɓa buhu da kansa, na kasa tsayawa kallo. Ina ɗauke da buhu ƙafata ta faɗa ramin gafiya, gwiwar ta yi ƙara.

Baba ya ce asibiti. Na ƙi, don na san maganar za ta kai kunnen koci. Mai ɗori ya mammatsa wurin, ya ce ba karaya ba ce, jijiya ce, shi kuwa ƙashi ya gada. Da na nace sai ya yi mini ɗori, ya ce lallai tsayin ne ya cinye rabon hankalina. Ya ɗaure, ya ce in kwanta wata biyu.

Kwana shida na yi na koma Kano. Sau biyu koci yana tambayar dalilin ɗingishina, ina cewa sabon takalmi ne. Ranar wasa na sha maganin kashe ciwo, na naɗe gwiwar da bandeji. Zangon farko na daure, zufa na keto mini. A na biyu na yi tsalle, na dira kan ƙafar, ta lanƙwashe a gaban jama'a. Likita ya ce da na zo tun ranar farko da an ceto ta, yanzu kuwa ni da tsalle har abada. Koci bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko takalmin ya daina matsa ni.

Yau a kan kujera nake sallah, tare da tsofaffin masallacinmu. Taimakon da na yi wa Baba bai cuce ni ba, ƙaryar da na yi bayansa ce ta cuce ni. Ina roƙonka mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane mai wasa, ka gan shi yana ɗingishi, kada ka karɓi bayaninsa. Kama hannunsa ka kai shi asibiti a ranar.