Shirwa Goma Sha Ɗaya a Sheda

Jikata Ummi ta yi magana! Salamu alaikum, jama'a.

Tun rasuwar kakarta, Hajiyata, wata uku ke nan yarinyar ba ta ce uffan ba. Kowace bazara su biyu ke zama bayan gidanmu na Sheda, suna ƙirga shirwar da ke komawa Arewa.

Yau na zauna a kujerar Hajiya ina ƙirgawa, Ummi na gefena. Na ce, "Tara."

Sai na ji, "Sha ɗaya ne, tsoho! Ba ka gani."

Na ce, "Amaryata, sake faɗa!"

Ta ce, "In sun dawo, da Hajiya za su dawo?"



Ku zo ku gan ta, har yanzu ƙirga take. Mai zuwa ya taho mini da amsar da zan ba ta.