Wa Zai Wanke Mai Shingen Kifi?

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini a duniya, akwai guda da ba zai fita raina ba sai ran da aka mai da ni ƙasa. Ya faru ne a shekarar da tashin hankali ya kori mutane daga bakin kogin Komadugu, suka zo suka kafa bukkoki gefen kwalta wajen Assaga. Lokacin ina zaune Diffa, ina karantar da manya da safe, da rana kuma in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Wata rana bulaman ƙauyenmu na asali, wato mai garinmu, wanda shi ma gudun ya kawo shi Assaga da jama'arsa, ya aiko a kira ni. Da na je, muka gaisa, ya ce mai shingen kifi ya komo.

Ban tambayi wane ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san wannan mutum, ko bai taɓa ganinsa ba.

Tun muna samari, kafin babban farin nan da ya busar da kogi, an yi shekaru ana tsintar gawar fatake a ruwa. Masu tattasai ne, sun ƙetare kogi sun sayar suna komowa gida. Kowanne da shatar igiya a wuya, aljihu babu kome. Wasu sun ce mutum huɗu ne, wasu biyar. Kuma duk a wuri guda ake samunsu, jikin shingen kifin wani baƙo da ya zauna shi kaɗai a kwanar kogi. Jandarma sun tafi da shi, suka sako shi don babu shaida. Bai jima ba ya kwashe kayansa ya ƙetare Najeriya, ba a sake tsintar kowa ba. Daga nan mutane suka gama hukunci a zukatansu.

Ga shi gudu ya komo da shi cikin mutanen da suka tsane shi, ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, ba ɗa ba jika. Ya aiko wa bulama cewa ya san tasa ta kusa, roƙonsa guda: in ya cika a wanke shi, a yi masa salla, a sa shi cikin maƙabartar jama'a. Mutane suka ce ba da hannunsu ba. Wanda ya fi kowa tsayawa wani manomin tattasai ne, magidanci mai hankali, wanda ubansa na cikin waɗanda aka kashe yana goye.

Na gaya wa bulama hukuncin ba shi da wuya. Musulmi ko kisa ya tabbata a kansa, ana wanke shi ana masa salla. Bulama ya yi murmushi ya ce wannan kowa ya sani, ba littafi ke wankan gawa ba, hannu ne, hannun kuma shi ne babu. Abin da yake so, a zauna a auna maganar nan a fili, tunda tsawon shekarun nan a bayan ido ake yin ta.

Muka zauna bayan la'asar gindin wata aduwa. Aka ɗauko tsohon a amalanke aka jingina shi. Na fara da abin da ya fi nauyi a bakin mutane, wato me ya sa kullum a shingensa. Ya ce in tambayi masunta. Masunta biyu da ke wurin suka yarda, ba da son ransu ba, cewa shinge irin wancan tare kogi yake daga gaci zuwa gaci, duk abin da ruwa ya ɗauko daga sama, mushen akuya ko karyayyen kwale-kwale, can yake tsayawa. Wani ya ƙara da cewa mai kisa ba zai jefa gawa inda za ta maƙale a ƙofarsa ba. Wani kuma ya ce wanda ya san haka za a faɗa, shi ne zai yi. Ni dai na ga wannan hujja ba ta kama shi ba, ba ta kuma sake shi ba.

Sai maganar tsayawar kisan bayan tafiyarsa. Na tuna musu cewa a shekarar da ya tafi kogi ya bushe, tattasai bai yi ba, fatake suka daina bin wannan mashigi, daga baya ma kaya suka koma mota. Ko wane ne mai kisan, abin da yake farauta ya ƙare. Amma akwai abin da ban iya kawar masa ba. Ya sayi doki a shekarun da ake kisan, alhali masunci ne mai shinge guda. Ya ce kifi ya yi albarka. Babu mai iya ƙaryata shi, babu mai iya gaskata shi, wanda ya sayar masa da dokin ya daɗe da mutuwa.

Saura guda, wadda ita ce ta kore shi daga gari. An gan shi ran kasuwa sanye da rigar ɗaya daga cikin mamatan, uban manomin nan. Na tambaye shi yadda rigar ta zo hannunsa. Ya ce gawar ta kwana biyu a ruwa, ta canza, 'yan'uwa suka tsaya nesa suna toshe hanci. Shi ya fitar da ita, shi ya wanke, shi ya sa likkafani. Bayan sadakar uku matar mamacin ta aiko masa da riga, kamar yadda ake ba wanda ya yi wanka. Na ce to me ya hana dangin su faɗa lokacin da ake zarginsa.

"Malam, wa zai tashi cikin mutane ya ce ya ƙyamaci gawar ɗan'uwansa, ya bar wa baƙo?"

Matar ta rasu, ƙannen mamacin sun rasu. Duk ido ya koma kan manomin. Ya sa takalmansa ya tafi. Bulama ya tambaye ni me na gani, na ce ban ga abin da zan rantse a kansa ba, ko ta nan ko ta can. Aka watse ba a yanke kome ba, kuma na san wasu sun ji haushina.

Tsohon ya cika bayan an fara girbin gero. Aka aiko mini, na hau mota daga Diffa ina shirin yin wankan ni kaɗai in ta kama. Da na isa bukkar sai na tarar da manomin a ƙofa, ya naɗe hannun riga, ga jarkar ruwa biyu da ganyen magarya. Ya ce mahaifiyarsa ta taɓa gaya masa ta ba da rigar ubansa ga bawan Allahn da ya wanke shi, amma ba ta faɗi suna ba, shi kuwa bai taɓa tambaya ba. Na ce ashe ya gamsu ba tsohon ba ne ya yi kisan.

"Ban gamsu ba, Malam. Ko shi ya kashe Baba, ban sani ba, wannan yana gaban Allah. Amma shi ya wanke shi. Wannan na sani."

Ya shiga, ni ina zuba ruwa, shi yana wankewa, a hankali, dama kafin hagu. Da mutane suka ga wanda ya fito ɗauke da gaban makara, sai suka riƙa tasowa ɗaya-ɗaya har sahu ya cika.

Har yau ba a san wanda ya kashe fataken nan ba, ni ma wani lokaci maganar dokin takan komo mini. Abin da na koya shi ne, mutum ba ya jira sai ya san kome kafin ya sauke haƙƙin da ya tabbata a wuyansa. Zato a bar wa Mai sanin gaibu. Manomin ya sauke nasa da jarka biyu ta ruwa, ya wanke hannu, ya koma gonarsa.