Ranar da Aka Riƙe Min Hannun Riga a Masallaci

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma ranar da aka hana ni jan sallah saboda motsa jiki tana nan a raina daram.

A lokacin ina aikin malamin dabbobi. Kullum ina kan babur, yau Mai'adua, gobe rugagen da ke bayan Kongolam, ga kokawa da shanu wajen allura. A haka bayana ya lalace. Ta kai ruku'u ma sai na cije leɓe, barci ya ƙaurace min, fushi ya yi min yawa. Yara na jin ƙarar babur ɗina sai kowa ya nemi lungu.

Da abin ya ishe ni na je asibiti a nan Daura. Likitan gashin ƙashi ya duba ni, ya koya min wasu miƙe-miƙe da yadda zan riƙa jan numfashi a hankali, ya ce sunan abin yoga. Na ce, "Likita, ba addinin wasu ba ne?" Ya ce, "Malam, ni miƙa jijiya da numfashi na ba ka. Sauran ba ruwanka da shi."

Na fara. Bayan asuba, idan gari ya yi haske, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In durƙusa, in gantsare, in kifa goshi ƙasa in miƙa hannuwa, in zauna shiru ina numfashi. Wata biyu na ji kamar an sauke min buhu daga baya. Barci ya dawo, faɗa ya ragu. Amma ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina, don kunya nake ji a ce dattijo mai furfura yana birgima a tabarma.

Ashe maƙwabcina, wanda ke kiwon tantabaru a kan soronsa, yana kallona kowace safiya. Tsakar gidana kuwa tsawonta gabas ya kalla, dole nan tabarmar take fuskanta. Mutumin nan bai tambaye ni ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum muna gaisawa, amma sai ya kai maganar majalisar mai shayi. Daga nan ta yi ƙafa. Wasu suka ce sabuwar ɗarika na shiga, wasu suka ce aljanun ruga ne suka shafe ni, har aka samu mai rantsuwa cewa rana nake yi wa sujada. Duk unguwa ta sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Shekara tara ina jan sallah a masallacin unguwa idan liman ba ya nan. Ran nan da azahar ya tafi jana'iza, aka tayar da iƙama, na taka zan wuce gaba. Sai na ji an riƙe min hannun riga. Wani dattijo ne, tsohon dillalin shanu. Ya ce a hankali, "Malam, yau dai bari wani ya ja mu."

Na juya. Ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Na koma sahu na bi wani, amma Allah Ya yafe min, ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Bayan la'asar liman ya kira ni zaurensa. Dattawa biyar, har da maƙwabcin nawa. Liman ya ce, "Malam, an ce kana wata ibada da sassafe wadda ba mu san ta ba."

"Ibada? Allah gafarta malam, ciwon baya ne!"

Maƙwabcina ya ce, "Ni dai na ga goshi a ƙasa, kuma gabas yake kallo."

Na ce, "To da ka leƙo ka tambaye ni mana! Ko bakinka ciwo yake?"

Duk numfashin da likita ya koya min ya gudu. Liman ya ɗaga hannu ya ce in nuna musu. Haka na tuɓe babbar riga, ni da 'ya'yana suka kai aure, na durƙusa a gaban dattawa ina gantsarewa kamar kyanwa ta tashi daga barci. Wani ya toshe baki da hula.

Liman ya ce, "Me kake karantawa idan ka kifa kai?"

"Ba komai. Numfashi nake ƙirgawa, ɗaya zuwa biyar."

Ya ce, "Wannan ai magani ne. Amma ka juya tabarmar nan kudu, ka huta, mu ma mu huta." Ya dubi maƙwabcina ya ce zato a kan imanin mutum ba abin wasa ba ne. Shi kuwa ko a jikinsa. Wai shi abin da ya gani ya faɗa. Haƙuri ma a ciki-ciki ya ba ni.

Washegari liman da kansa ya tura ni gaba da magariba. Duk da haka akwai mutum biyu da suka koma wani masallaci, har yau ba su dawo ba. Wannan ya fi komai ci min rai, domin wanke suna bai kai ɓata shi sauri ba.

Yoga dai ban daina ba, bayana kuma lafiya lau. Abin da na koya shi ne, duk abin da kake yi na halal kada ka ɓoye shi don kunya, domin idan ka yi shiru wani zai yi maka bayaninsa yadda ya ga dama. Ni ma tun daga ranar, idan na ga abin da ban gane ba a wurin mutum, ƙofarsa nake zuwa in yi sallama in tambaye shi.